Kafin Waƙa Ta Fara

Karatu: 2 Tarihi sura 29 da 30, 2 Sarakuna 16:7-16

Ko kuna tsakar gida ne tare da iyali an gama cin tuwo, ko kuwa kai kaɗai ne a ɗaki da 'yar rediyonka, Ubangiji ya sa albarka ga jinmu. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi sai ya buɗe Tarihi na Biyu, sura 29. Masu tsohuwar fassara za su ga an rubuta Labarbaru na Biyu, amma duk littafi ɗaya ne.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, na tsaya a bakin ƙofa tare da wani dattijon ekklesiya, mutumin da ya yi baftisma tun kafin a haife ni. Ran nan majami'a ta cika maƙil. Mawaƙa sun yi waƙa, matan zumunta sun buga tulu har ƙasa tana amsawa, matasa sun tā da janareta sun kaɗa nasu kayan, an yi baiko sau uku. Na ce masa, "Baba, yau kam sujada ta yi daɗi." Ya yi shiru ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Ta yi mana daɗi, Fasto. Ko ta yi wa Maigidan daɗi?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Tambayarsa ce na kawo mana yau, mu duba ta cikin labarin sarakuna biyu na Yahuza, uba da ɗa.

Uban shi ne Ahaz, ya yi sarauta shekara 16 a Urushalima. A zamaninsa sarkin Suriya da sarkin Isra'ila suka haɗa kai suka kawo masa yaƙi. Tsoro ya kama shi. Sai ya kwashe azurfa da zinariya na Haikali da na fada, ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya domin ya cece shi. Bayan haka ya tafi Dimashƙu ya gaishe shi. A can ne ya ga wani bagade, ya shiga ransa ƙwarai. Ya sa aka zana siffarsa da awonsa, ya aika wa Uriya firist a Urushalima. Kafin sarki ya komo gida, Uriya ya riga ya gina irinsa a Haikalin Ubangiji.

Ku lura da abin da Ahaz ya yi da bagaden tagulla na Ubangiji. Bai farfashe shi ba, bai kuwa jefar da shi ba. Ture shi kawai ya yi zuwa wajen arewa, ya kafa sabon a tsakiya. Ya ce a ci gaba da miƙa hadayar safe da ta yamma, amma a kan sabon. Wato mai wucewa a waje zai ga hayaƙi yana tashi kamar kullum, firistoci suna kai da kawowa cikin rigunansu, ya ce lafiya lau ake. Sai daga baya ne Ahaz ya sassare kayan Haikali, ya rufe ƙofofin, ya kakkafa bagadai a kowane lungu na birnin. Sujada ba ta mutu ran da aka kulle ƙofa ba. Ta fara ciwo tun ran da aka ture bagaden Ubangiji gefe.

Haka yake faruwa har wa yau. Da wuya ka sami ekklesiyar da ta zauna ta yanke shawara za ta rabu da Allah. Matsar da shi gefe mukan yi kaɗan-kaɗan. Mukan je birni mu ga yadda ake yi, mu dawo da zane a aljihu. Sanarwa ta ci minti 40, Maganar Allah minti 15, mutane kuma suna duban agogo. Babban mutum ya shigo a makare, a tsai da addu'a a nema masa kujera a gaba. Ƙungiya ta yi waƙa don ta fi wata ƙungiya. A karanta sunan wanda ya ba da buhu biyu da ƙarfi, wadda ta kawo mudu ɗaya a wuce ta. Babu wanda ya ce a daina sujada. Amma wane ne yake tsakiya?

Uriya firist kuwa, ba mu ji ya ce uffan ba. Sarki ya aiko, ya gina. Wannan magana tawa ce, ni da 'yan'uwana fastoci da masu bishara da dattawa, ina kuwa faɗinta da rawar jiki.

Ɗan Ahaz shi ne Hezekiya. Ya hau gadon sarauta yana da shekara 25, kimanin shekara 700 kafin haihuwar Yesu. Ƙasa tana cikin wahala, Assuriya tana bakin iyaka, an kashe mutane da yawa a yaƙi, an kwashe waɗansu bauta. Da wani ne, da gyaran ganuwa da tara mayaƙa zai fara. Hezekiya kuwa a watan farko na shekararsa ta farko ya buɗe ƙofofin Haikali ya gyara su. Ya tara firistoci da Lawiyawa a filin da yake wajen gabas, ya faɗa musu gaskiya ba kwana-kwana: kakanninmu sun juya wa Ubangiji baya, an rufe ƙofofi, an kashe fitilu, an daina ƙona turare da miƙa hadaya. Bai ɗora laifin a kan Assuriya ba. Umarnin da ya fara ba su kuwa shi ne su tsarkake kansu tukuna, sa'an nan su tsarkake Haikalin, su fitar da ƙazantar da take ciki.

A nan nake so mu ɗan daɗe. Haikalin da Sulemanu ya gina tsawonsa kamu 60 ne, faɗinsa kamu 20, wato wajen mita 27 da mita 9. Majami'u da yawa a garuruwanmu sun fi shi girma. Matan zumunta biyar sukan share irin wannan wuri ran Asabar kafin rana ta yi zafi. Amma firistoci da Lawiyawa sai da suka yi kwana 16. Kwana 8 suna aiki kafin su kai shirayin Haikalin, kwana 8 kuma a ciki. Cikin kwanakin nan duka ba mu ji an yi waƙa ko an busa ƙaho ba. Shara kawai, da ƙura, da ɗaukar kaya.

Kowane manomi ya san wannan. Kafin ka zuba sabuwar dawa ko acca a rumbu, sai ka shiga ciki ka kwashe tsohuwar ƙaiƙayi, ka duba inda gara ta ci, ka toshe ramin ɓera, ka yaɓe inda ya tsage. Aikin ba daɗi, ba kuma wanda zai yaba maka. In ka ƙi yi, ka zuba sabon hatsi a kan tsohuwar ɓarna, kafin bazara za ka buɗe ka tarar da gari. Mu kuwa mun saba shirya taron farkaswa kowace shekara, mu gayyato mai wa'azi daga nesa, mu zuba sabon hatsi a rumbun da ba a share ba. Bayan sati biyu mu yi ta mamaki ina albarkar ta tafi.

Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa yanzu masu bi ne haikalin Allah, kowane ɗaya da jikinsa, ekklesiya kuma gaba ɗayanta. To, bari mu kira sharar da sunanta. Gābar da take tsakaninka da ɗan'uwanka kan iyakar gona. Bashin da kika ci a hannun maƙwabciyarki kina kauce mata a kasuwa. Kuɗin ƙungiya da ya shiga aljihu da niyyar za a mayar. Layar da take ƙarƙashin matashin kai, da tukunyar da aka binne a bayan ɗaki tun zamanin kaka, wadda ba a taɓa tono ta ba don tsoro. Zuwa wurin mai duba da dare sa'ad da yaro ba shi da lafiya, da safe kuma a kira fasto ya yi addu'a. Ƙabilanci ran zaɓen dattawa. Na kuma san cikinku akwai waɗanda aka kashe musu 'yan'uwa, aka ƙone musu gidaje da amfanin gona, zuciya ta cika da ɗaci har addu'a ba ta fita. Ba na ce wannan zai wanku cikin kwana 16 ba. Abin da nake roƙo shi ne kada a rufe shi da waƙa. A kai shi gaban Ubangiji yadda yake, da hawayensa duka.

Sa'an nan ku duba inda aka kai sharar. Firistoci suka fito da ita zuwa farfajiya, Lawiyawa suka karɓa suka kai ta rafin Kidron, can bayan gari. Ba a tara ta a bayan ƙofa aka rufe da tabarma ba. Ba kuma mutum ɗaya ne ya ɗauke ta ba. Akwai abin da ba zai fita daga ranka ba sai ka faɗa wa wani amintaccen mai bi, ko kuwa ka taka da ƙafarka zuwa gidan wanda ka yi wa laifi. A Matiyu sura 5 Yesu ya koyar cewa wanda ya tuna da ɓacin ran ɗan'uwansa a lokacin miƙa baiko, sulhu ne aikinsa na farko, baikon ya jira.

Ni kaina na yi shekara biyu ba na gaisawa da ƙanena saboda wata 'yar fadama da mahaifinmu ya bari. Cikin shekarun nan ina wa'azi kowace Lahadi, ina raba Jibin Ubangiji da hannun nan nawa. Wata Asabar da dare ina shirya wa'azi a kan gafara, matata ta leƙo ta ce, "Baban yara, gobe wa za ka faɗa wa wannan?" Na yi fushi, amma barci ya ƙi zuwa. Da asuba na hau babur na tafi ƙauyenmu. Kada ku zaci ya rungume ni. Ya saurare ni a tsaye, ya ce ya ji, ya shige ɗaki. Sai da kaka ta yi kafin muka ci abinci a kwano ɗaya. Amma ran Lahadin nan, ko da na iso a makare, na iya yin addu'a a gaban jama'a ba tare da wani abu ya shaƙe ni ba.

Da aka gama tsarkakewa, sarki ya tashi da sassafe tare da manyan gari. Aka kawo bijimai 7, raguna 7, 'yan raguna 7, da bunsurai 7. Sarki da jama'a suka ɗibiya hannuwansu a kan bunsuran, aka yanka su hadaya domin zunubi. Hezekiya kuwa ya ce a yi ta domin dukan Isra'ila, har da na arewa da suka rabu da gidan Dawuda tun da daɗewa. Mu yau ba ma kawo bunsuru. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 10 ta nuna mana Yesu ya miƙa kansa sau ɗaya, ya kuwa isa har abada. Kwashe shara ba ya sayen gafara. Jinin Almasihu ne yake tsarkakewa. Namu shi ne mu daina ɓoye abin da ya mutu dominsa.

Bayan wannan sai hadaya ta ƙonawa, wadda ake ƙone dabbar ɗungum, mai ita ba ya komawa gida da ko tsoka ɗaya. Romawa sura 12 ta ce mana yanzu mu ne hadayar, da ranmu. Aya ta 27 ta sura 29 kuwa ta faɗi lokacin da mawaƙa suka buɗe baki: daidai sa'ad da aka fara miƙa wannan hadaya. Sai kuge da garaya da molo suka tashi, firistoci suka busa ƙahoni, jama'a duka suka sunkuya. Kun ga jerin? Shara, sa'an nan jini, sa'an nan miƙa kai, waƙa kuma ta tashi tare da shi. Mu daga waƙa muke farawa, sau da yawa kuma a nan muke tsayawa.

Dattawa, kada ku ce na goyi bayanku a kan matasa. Hezekiya bai hana kiɗa ba, shi ne ma ya fito da kayan kiɗan Dawuda. Laifin ba na ganga ba ne, ba na jita ba. Ana iya rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi a hankali, ba kiɗa ko kaɗan, zuciya kuwa tana kasuwa. Matasa, ku ma kada ku auna zuwan Ruhu Mai Tsarki da ƙarar lasifika.

Akwai wani abu a aya ta 34 da yake kunyatar da mu masu hidima. Jama'a suka kawo bijimai 70, raguna 100, 'yan raguna 200 domin hadaya ta ƙonawa, har firistoci suka kasa feɗe su, sai da Lawiyawa suka taimaka. An kuwa rubuta cewa Lawiyawa sun fi firistoci himmar tsarkake kansu. Na ƙasa sun riga na sama. Iyayenmu da suka ga farkon Sabon Rai don Kowa a shekarun 1960 sukan ba da labarin yadda manoma da mata da 'yan makaranta suke taruwa kaɗan-kaɗan a gidaje suna addu'a kafin a fita wa'azi. Saboda haka, mama, kada ki ce sai fasto ya fara. Ɗauki tsintsiyarki.

Bari in ɗan ratse in yi maganar harshe, gama ta shafe mu. Yawancinmu Hausa ba ita muka sha a nono ba. Mun gode wa Allah dominta, tun 1932 muke da dukan Littafi Mai Tsarki a cikinta, ita ce kuma ta haɗa kabilu masu yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Amma mutum yana iya haddace kalmomin addu'a ya yi ta maimaita su shekara 30 ba su taɓa shi ba. Na taɓa roƙon wata tsohuwa ta rufe mana taro da addu'a. Ta fara da Hausa, irin kalmomin da kowa ya saba, sai ta tsaya cik. Can sai ta ci gaba da yarenta, tana kuka, tana magana da Allah kamar yana zaune a gabanta. Ban ji abin da ta ce ba, amma ba wanda ya motsa. In akwai Sabon Alkawari a harshenku, kamar yadda Berom da Ngas da Mwaghavul da Bura da Tangale da Jju suke da shi, ku nemo shi ku riƙa karantawa a gida. In babu tukuna, a karanta da Hausa, wani ya juya wa kaka da yara. Furta zunubi kuwa, ka yi shi da harshen da kake kuka da shi.

Wataƙila wani yana cewa, ni kam sharata ta yi yawa, gara in zauna a gida sai na gyaru. Ɗan'uwa, juya zuwa sura 30. Hezekiya ya aiki manzanni da wasiƙu har ƙasar Ifraimu da Manassa da Zabaluna, yana gayyatarsu Idin Ƙetarewa. Mutane da yawa suka yi musu dariya da ba'a, amma waɗansu suka ƙasƙantar da kansu suka zo. An yi idin a wata na biyu maimakon na farko, domin ba a shirya a kan lokaci ba. Da yawa cikin baƙin nan kuma ba su tsarkake kansu bisa ga ka'ida ba, duk da haka suka ci. Hezekiya bai kore su ba. Ya roƙi Ubangiji ya gafarta wa duk wanda ya sa zuciyarsa ga neman Allah, ko da bai cika ka'idodin ba. Ubangiji kuwa ya ji, ya warkar da su. Murna ta yi yawa har suka ƙara kwana 7 a kan 7 na farko. Wanda ya zo da ƙazantarsa a fili yana neman wanka, an karɓe shi. Kada ka jira. Zo da ita a hannu.

Saura abu ɗaya, shi ne kuwa ya fi damuna. Hezekiya ya yi sarauta shekara 29. Ɗansa Manassa ya gāje shi yana da shekara 12, ya yi shekara 55 a kan gado, ya sāke gina wuraren tsafin da ubansa ya rurrushe, har ya kafa gunki a cikin Haikalin nan da aka sha wahalar sharewa. Littafi bai faɗa mana abin da ya gudana a cikin gidan Hezekiya ba, ba zan kuwa ɗora masa laifin da ba a rubuta ba. Na dai ga cewa gyaran da ya cika Urushalima bai zauna a zuciyar yaron gidan ba, sai can bayan da ya sha wuya a Babila ya tuba. Iyaye, 'ya'yanmu suna ganinmu a majami'a awa uku a mako, sauran kwanakin a gida suke ganinmu. Sun san ko fitilar addu'ar iyali tana ci, ko kuwa ta mutu tun da waya ta shigo hannun kowa. Sun san yadda baba yake yi wa mama magana a hanyar dawowa daga sujada. In ƙofar nan ta daɗe a rufe a gidanku, a buɗe ta daren yau. Minti goma ya isa: a karanta 'yan ayoyi, kowa ya faɗi abu ɗaya na godiya, maigida kuma in akwai wanda ya ɓata wa rai a gidan, shi ya fara neman gafara.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka san abin da muka ture gefe, ka san abin da muka rufe da tabarma. Ka ba mu ƙarfin hali mu fitar da shi. Ka wanke mu da jinin Ɗanka. Ka tuna da masu makoki da waɗanda suka rasa gidajensu, ka buɗe bakinsu su yi magana da kai. Ka kunna fitila a gidajenmu da ekklesiyoyinmu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Yosiya jikan Manassa, da littafin da aka tsinta a Haikali. Ku karanta 2 Tarihi sura 34 kafin lokacin. Ubangiji ya tsare mu, sai mun sāke saduwa.